Gambar da Ubana Ya Dasa a Tsakiyar Gona

Akwai abubuwa da yawa da na yi a ƙuruciya waɗanda ba na son tunawa, amma guda ɗaya ne in ya faɗo mini a rai nakan tashi zaune in yi hamdala. Na kusa kashe mutum da fartanya da igiya, ban ko taɓa jikinsa ba. Allah bai nufa ba. Mutumin ya ƙara shekaru masu dama a duniya yana yi mini ba'a, kuma ban taɓa jin daɗin ba'ar kowa kamar tasa ba.

Garinmu ƙarami ne, a kan tudu, ƙetaren gulbi daga Wurno. Lokacin Turawa ke mulki, ba a yi madatsar ruwa ta Goronyo ba, gulbi yana yin abin da ya ga dama. Da rani mukan taka shi da ƙafa, ruwa iya gwiwa. In damina ta yi tsakiya kuwa ya cika ya haye fadama, sai da jirgin fito. Daga bakin gari zuwa wurin fito turba guda ce, hanyar ƙafa mai faɗin mutum da jakinsa. Ta ratsa gonakin mutane, kuma mafi tsawonta a cikin gonar mahaifina take. Takan shigo ta gabas, ta lanƙwasa wajen wani gawo da ke tsakiyar gonar, ta sake lanƙwasawa, sannan ta gangara. Ba wanda ya san wanda ya fara taka ta. Abin da muka tashi muka tarar shi ne, gona ta mai ita ce, turba ta kowa ce. In ka zo huɗa ka bar mata wurinta, mai wucewa kuma ba ya karya maka kara.

Abin da ya bambanta namu yankin turbar da na sauran mutane shi ne gamba. A wajenmu gamba alamar iyaka ce. Mutum yakan dasa ta tsakaninsa da maƙwabcinsa don kada a ci wa juna gona, da kaka kuma ya yanke ya saƙa zana. To mahaifina ya dasa tasa a inda babu iyaka, a tsakiyar gonarsa, layi guda a gefen turba, daga mashiga har mafita. Wurin da turbar za ta lanƙwasa ya dasa gindi biyu a manne. Da kaka in kowa ya yanke tasa ƙasa-ƙasa, shi sai ya bar wa wannan layin tsawon gwiwa. Ina yaro na ɗauka rashin kaifin lauje ne.

Mahaifina yana da amini, makaho, mai tufkar igiya. Baba muke ce masa, mu da yaran gari duka. An ce da idonsa ya girma, har ya yi aure, sannan ciwo ya cinye su. Yana zaune a ƙarshen gari shi da matarsa, wadda muke kira Iya. Ba shi da ɗan jagora kuma ba ya so. Duk ranar kasuwar Wurno, da an sallame sallar asuba gari ya fara haske, zai ɗora ƙunshin igiyoyinsa a ka, ya ɗauki sandarsa, ya kama turba shi kaɗai tun kafin kowa. Mai fito ya san shi. Kafin azahar ta wuce ya sayar ya dawo. In wani ya ce, "Baba, kawo in riƙe maka sanda," sai ya ce, "Riƙe bakinka dai, ɗana, shi ne ke neman ɓacewa."

Ba zan ce ban taɓa ganin yadda yake tafiya a cikin gonarmu ba. Na gani sau ba adadi. Sandarsa tana kaɗa gamba, fas, fas, shi kuma yana tafe da sauri kamar mai ido. Na gani da idona, amma ganin bai taɓa sauka zuciyata ba.

Wani rani aka raba wa garuruwa aikin hanyar mota wadda ta nufi Rabah, aka ce kowane maigari ya ba da mutane. Ina cikin waɗanda aka ba da. Da farko marmara nake ɗauka a kwando kamar kowa. Daga baya helma, wato shugaban lebura, ya ga ina da zafin nama, ya ba ni bakin igiya da turaku. Aikina in ja igiya ta miƙe, a kafa turke, a shafa masa farar ƙasa a ka. Lokaci-lokaci wani Bature yakan zo, ya tsaya a turke na farko, ya rufe ido ɗaya ya hango sauran. In ya gyaɗa kai, ranar helma ba ya zagin kowa. Aikin wahala ne, ba wanda ya je da son ransa, amma ni na dawo da wata cuta. Duk abin da na kalla a garinmu sai in ga a karkace yake, katanga da lungu da layin masallaci.

Ina can mahaifina ya rasu. Ban samu jana'izarsa ba, ban ji wasiyyarsa daga bakinsa ba. Ni ne ɗan fari, gona ta dawo hannuna.

Baba ya zo mini gaisuwa ya zauna a zaure ya daɗe. Da zai tashi na ce ina son igiya doguwa, mafi tsawon da yake da ita.

Ya ce, "Mi za ka ɗaure da ita, raƙumi?"

Na ce, "Aiki zan yi a gona, Baba."

Ya ce, "Madalla. Ɗan aminina ya kama gona. Aiko a ɗauka, kyauta ce, Allah shi yi albarka."

Kwana kaɗan bayan haka kurkunu ya kwantar da shi. Wanda bai san kurkunu ba ya gode wa Allah. Tsutsa ce mai fitowa a ƙafa, a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan, mutum ya yi wata da watanni bai taka ƙasa ba. Biyu suka fito wa Baba a ƙafa ɗaya.

Ni kuwa na ɗauki igiyarsa na nufi gona. Hujjojina suna da yawa a lokacin. Turbar ta raba gonar biyu. Jakuna suna fizgar wake. Gamba ta cinye wurin da zai ba da damin gero. Amma gaskiyar magana, so nake a zo a ga abin da na koyo. Na ja igiya daga bakin gonar, na bi da ita gefen arewa, ta miƙe sak har gangaren fito. Na kafa turaku, na shafa musu farar ƙasa. Sabuwar hanyar ta fi tsohuwar faɗi, ta fi ta kusa. Aibinta guda, ta bi ta leɓen wani kwazazzabo da ke iyakar gonar. Da rani rami ne kawai mai yashi a ciki, yara na wasa.

Daga nan na koma kan gamba. Kwana uku ina tumɓuke ta, gindi-gindi, saiwarta ta kama ƙasa kamar ba ta son fita. Na tara ta a bakin gona. Na sari ƙaya na yi shinge, na toshe mashigar tsohuwar turba da mafitarta, na zarce da shi ta gefen sabuwar hanya don kada wani ya ratsa.

Mahaifiyata, Inna, ta san abin da nake yi. Amma ni ɗan farinta ne, kuma a wajenmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kama sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta zaunar da shi ta yi masa magana. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta ce mini "kai" ba. In tana da saƙo sai ta faɗa wa iska, ko ta faɗa wa wanda ke kusa, ni in tsinta. Ranar da na shigo da saiwar gamba manne a fartanya, tana ba akuyarta dusa. Sai ta ce da akuyar, "Ci, baiwar Allah. Wasu dai sun tashi tumɓuke abin da ba su san dalilin dasa shi ba. Mai abin kuwa ya ce a bar shi."

Na ji ta sarai. Na san ba da akuya take ba. Da na tsuguna a bayanta na ce, "Inna, mi ne dalilin?" ko da bango za ta fuskanta da ta faɗa. Sai na fake da cewa ba da ni aka yi magana ba, na wuce ɗaki. Wannan shi ne laifina na gaske. Al'adar da ta hana ta yi mini magana ita na mayar garkuwa.

Maigari ya kira ni. Ya ce, "Yaro, turba ba a rufe ta. Ta girmi ubanka, ta girmi nawa."

Na ce, "Ranka shi daɗe, ban rufe ba, matsar da ita na yi. A zo a gani."

Ya zo da dattawa biyu. Suka ga fararen turaku a jere, suka ga faɗin hanyar, jaki biyu sa wuce juna. Ɗayan dattijon ya leƙa kwazazzabon ya ce ba ya son kusancin nan. Na ce, "Ai ga turaku nan farare, kowa na gani." Maigari ya ce in jama'a ba su kawo ƙara ba shi ba shi da ta cewa. Jama'a suka yi gunaguni na mako biyu, ruwa ya sauka, kowa ya shiga shuka. Aka saba. Ba wanda ya tuna da mutumin da ke kwance a ƙarshen gari, ko kuma kowa ya ɗauka wani ya gaya masa. Iya ba ta zuwa gulbi. Ni kuma sau biyu na je duba shi, muka yi hirar ƙafa da tsutsa, ban ce uffan ba. Ba ɓoyewa na yi ba. Bai zo mini a rai ba ne, kuma wannan ya fi ɓoyewar muni.

Damina ta yi kyau. Gero ya fi mutum tsawo, ya fara fitar da kai. Gulbi ya cika, kwazazzabon nan ya zama rafi mai gudu, jan ruwa yana ƙugi har ba ka jin maganar na kusa da kai.

Wata ranar kasuwa, bayan an kwana ana ruwa, na tashi da hantsi na bi sabuwar hanyata na je Wurno. Na wuce wurin masu kaba da igiya na ga wurin zaman Baba babu kowa. Na ce a raina, Allah sarki, har yanzu ƙafar. Na ci ƙosai, na yi yawona, na dawo gida bayan azahar.

An kusa kiran la'asar sai ga Iya a ƙofar gidanmu, mayafinta a karkace.

Ta ce, "Ɗana, kai ka je kasuwa. Ka ga Babanku?"

Na ce, "Baba? Ba yana kwance ba?"

Ta ce, "Ya miƙe tun shekaranjiya. Yau da sassafe ya ɗauki igiyoyinai ya ce ya gaji da zama kamar tukunya. Na hana shi, ya ƙi. Bai taɓa kai wanga lokaci ba."

A wannan lokacin ne, ba kafin nan ba, na ji ƙarar sandarsa a kunnena, fas, fas, a jikin gambar da na tara a bakin gona ta bushe.

Na ruga wurin fito. Mai fito yana kwashe ruwa daga jirginsa da ƙoƙo. Ya ce, "Makaho? Rabona da shi tun bazara. Ya warke?" Na juyo. Kafin in hau tudu labari ya gama gari, maza sun fito. Wani ne ya hango abu a cikin kwazazzabo, can ƙasa, saiwar wata bishiya ta tare shi. Aka sa gora aka jawo. Ƙunshin igiyoyi ne, ya sha ruwa ya yi nauyi. Sandarsa na soke a cikin ɗaurin tarkacen da ruwa ya tara. A leɓen ramin kuma, tsakanin farin turkena na huɗu da na biyar, ƙasa ta zabge, ga shaidar santsin ƙafa.

Aka yi salati. Iya ta zube a ƙasa. Maigari ya ce samari su bi ruwan da gorori har inda ya haɗu da gulbi, su duba kowace saiwa. Bai kalle ni ba. Ba wanda ya kalle ni, ba wanda ya ce mini komai, kuma da sun rufe ni da duka da ya fi mini sauƙi. Dattijon nan da ya ce ba ya son kusancin ya dafa ɗaya daga turakuna, ya duba farar ƙasar da ta shafar masa hannu, ya goge a rigarsa.

Ina tsaye kamar an dasa ni sai na ji an kama mini hannun riga. Inna ce. Ta fito har gona, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta tsaya a gabana ta dube ni tsakiyar ido.

Ta ce, "Kai. Da kai nike. Mutumen ga shekara nawa shina bin gonar ga? Ƙafarsa ta fi idonka saninta. Kowa ya bi ruwa, kai bi turbar ubanka."

Wannan ita ce magana ta farko da ta taɓa yi mini kai tsaye. Na ce, "Inna, ai na toshe ta."

Ta ce, "To buɗe."

Na je mashigar tsohuwar turba na kama ƙayar da hannu na janye. Ban ji zafinta ba sai washegari. Na shiga cikin gero. Ina tsammanin ba zan gane wurin ba, tun da na huɗe shi na shuke. Ashe turbar tana nan. Ƙasar da aka shekara da shekaru ana takawa ta yi tauri, geron da na shuka a kanta ya tsumbure, ya yi rawaya, iyakarsa ƙugu, na dama da na hagu sun yi masa rumfa. Sai ga hanya a buɗe a gabana, da lanƙwasarta da komai. Na bi da gudu ina kiran Baba.

Gawo da damina ba shi da ganye, rassa ne tsirara. A gindinsa na hango farar riga da ta koma ja don laka. Yana zaune ya jingina, ya miƙe ƙafar mai ciwo, ya ɗora malafarsa a fuska. Na tsaya cik, na kasa ƙarasawa. Sai malafar ta motsa.

Ya ce, "Wa ke tattake gero haka kamar ba shi ya shuka ba?"

Na faɗi a gabansa na kama ƙafafunsa ina kuka kamar yaron goye. Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya ce, "Na sani. Takun ubanka gare ka, sai dai shi ba shi gudu cikin gona. Sakar mini ƙafa, wagga ita ce mai ciwon."

Tafin hannuwansa duk ƙaya ta yayyage su, jinin ya bushe. Mikin kurkunu ya buɗe. Leɓensa ya tsattsage don ƙishirwa. Amma ransa na nan, bakinsa ma na nan. Na miƙe na kwarara kira iya ƙarfina cewa ga shi, ga shi da rai, a kawo ruwa. Na ji can nesa wani ya amsa, wani ya karɓa, kiran yana tafiya bakin ruwa daga mutum zuwa mutum. Ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba, har yau da nake rubutun nan.

Kafin su iso ya ba ni labari. Ya zo mashiga ya kai sanda, maimakon gamba sai ƙaya. Ya ce ko wata uku na kwanciya sun sa ya ɓata lissafi. Ya bi shingen da sanda yana neman ƙofa, shingen ya ja shi zuwa inda ruwa ke ƙugi. Ƙasa ta zabge da ƙafarsa. Ya saki kaya da sanda ya cafki abin da hannu ya samu, ashe ƙayar ce. Ya ja jikinsa ya hau. Wurin da ruwan sama ya wanke ƙarƙashin shingen ya samu, ya kutsa da rarrafe cikin gero, don ya san gero ba ya cin mutum. Ya yi ta lalube har tafin hannunsa ya ji ƙasa mai tauri. Ya bi ta har gawo. Ba sanda, ga ƙafa na jini, ya ce nan ya isa.

Na ce, "Baba, mi ya hana ka yi kuwwa? Mutane sun yi ta wucewa."

Ya ce, "Na yi sau biyu, ruwa ya fi ni murya. Sai na ce bari in jira mai gona, ai manomi ba shi wuni bai leƙa geronai ba. Ashe mai gonar na Wurno shina cin ƙosai."

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

Ya ce, "Rigarka."

Na yi dariya hawaye na zuba. Sannan ya kai hannu ya shafa gindin gawon. Ya ce, "Shekarar da idona ya tahi, na yi wata shida ban fita zaure ba. Ubanka ya zo ya ce in tashi mu je gona. Na ce in je in yi mi? Ya kama hannuna ya ɗora a kan ɗan tsiro. Ya ce, wannan naka ne, bi shi, zai kai ka gulbi. In ka ji biyu a manne, juya. Damina guda ya yi shina dasa ta. Ni na ce kada shi gaya wa kowa, kada a ce don makaho anka ɓata gona." Ya juyo da fuskarsa wajena. "Igiyar da na ba ka, da ita ka auna?"

Na ce, "Da ita, Baba."

Ya ce, "To ta yi kyau? Ba ta tsinke ba?"

Na ce, "Ba ta tsinke ba."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ka gaya wa mutane, a san aikina."

Mutane suka iso suna kabbara. Iya ta ratso su, ta fara da hamdala ta ƙare da faɗa, tana cewa tun da ya fi kowa taurin kai gobe ma ya sake fita. Ya ce in sha Allahu. Aka ba shi ruwa. Na durƙusa na ce ya hau bayana. Ya ce bai taɓa yarda an ja shi ba balle a goya shi, amma yau tun da jakin Bature ya samu zai hau. Na goyo shi ta tsohuwar turba, jama'a na biye, rana ba ta kai ga faɗuwa ba. A bakin gona muka wuce Inna. Ta riga ta juya mini baya kamar yadda ta saba. Na ji tana ce wa Iya, "Wasu dai Allah Ya rufa musu asiri yau."

Washegari na je gaban maigari na tsuguna na ce na yi laifi. Ya ce shi ma da nasa, da ya bari turaku suka rufe masa baki. Ya ce, "Mi kake so a yi?" Na ce ni zan yi. Na ɗauki fartanya na sare geron da ke kan turba, har da layi guda na mai kyau a kowane gefe, yana cikin fitar da kai. Masu wucewa suna cewa yaron nan ya taɓu. Na ƙone ƙayar. Na tumɓuke fararen turakun, na toshe hanyar bakin ramin. Na bi maƙwabta ina roƙon gindin gamba, kowa ya tsaga mini daga ta iyakarsa, ba wanda ya hana. Inda lanƙwasa take na dasa biyu a manne. Wuri ɗaya na rasa ko dama ko hagu ta lanƙwasa, na shiga gida na faɗa da ƙarfi ina fuskantar rumbu. Inna ta gaya wa akuya amsar.

Sabon dashe ba ya tsayuwa da wuri, sanda ba za ta ji shi ba. Saboda haka na mayar da turakun a gefen turbar, na ɗaura doguwar igiyar nan daga mashiga har mafita, daidai ƙugu, tana lanƙwasa duk inda turba ta lanƙwasa.

Sai da Baba ya ƙara kwana ashirin da wani abu kafin ƙafar ta yarda. Ranar kasuwar da zai fita na riga shi zuwa bakin gona na raɓe ban yi motsi ba. Ya zo da sabuwar sanda, kaya a ka. Ya kai hannu ya ji igiya, ya murza ta tsakanin yatsu ya gane tufkarsa. Ya tsuguna ya shafa ɗan ganyen gamba na farko.

Ya ce, "Sarkin Hanya, na ji numfashinka. Kada ka biyo ni."

Sunan da ya bi ni ke nan a garin har furfura. Ban bi shi ba. Na tsaya ina kallon ƙunshin igiyoyi yana tafiya a saman gero, ya kai gawo ya juya, ya sake juyawa, ya gangara. Da na ji ya ɗaga murya yana tsokanar mai fito cewa jirginsa ya fi kwando yoyo, sai na zauna a ƙasa.

Da shekara ta zagayo gamba ta kama, na kwance igiyar na kai masa. Ya ce in riƙe, kyauta ba ta komawa. Shi da Inna da Iya duk sun daɗe da riga mu gidan gaskiya. Yanzu babura ke bin turbar, kuma ba makaho a garin mai zuwa kasuwa da ƙafa. Jikokina ke noman gonar. Bara ɗaya daga cikinsu ya ce mini layin gambar nan na tsakiya yana hana garmar shanu tafiya. Ban faɗa wa bango ba, ban faɗa wa akuya ba. Na ce ya zauna a gabana, na kira sunansa, na ba shi labarin tun daga farko.